Tambaya da Amsa: Tsohon Babur Ƙirar Ingila da Gwiwar Dattijo

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 68, kuma bara na yi ritaya bayan na shafe fiye da shekara talatin ina aiki a Ingila, inda nake zaune har yanzu. Tun ina saurayi nake sha'awar babur ɗin nan Triumph Bonneville, yanzu kuwa na samu wani ƙirar 1969 da ake sayarwa. Da na je gwada shi, sai da na buga kik fiye da sau goma kafin ya tashi, a bugu ɗaya ma ya mayar mini da ƙafa da ƙarfi har gwiwata ta kwana tana zogi. Maiɗakina da yara sun ce tsufa da babur ba sa haɗa hanya. Shin in saya ko in haƙura? Daga wani mai karatu a Ingila.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kafin ka ɗora wa shekarunka laifi, ka fara tuhumar babur ɗin, domin Bonneville mai lafiya ba ya neman bugu goma. Injinsa mai silinda biyu ne, girmansa 650cc, kuma idan kafireta da wuta suna daidai, bugu ɗaya ko biyu ya ishe shi ko da sanyin safiya. Mayar da ƙafa da ya yi maka alama ce ta cewa wuta tana isa fulogi da wuri, tun fistin bai gama hawa ba, sai fashewar ta tura injin baya. Yawanci daga tayimin ne da ba a saita ba, ko kuma 'yar na'urar da ke gaggauta wutar ta cije saboda tsatsa. Wannan aikin yini guda ne ga bakaniken da ya san irin waɗannan babura, kuma hujja ce da za ka nemi ragin kuɗi da ita.

Akwai kuma yadda ake tayar da shi, wanda wanda ya saba da baburan zamani ba lallai ne ya sani ba. Za ka buɗe makunnin fetur, ka danna ɗan maɓallin da ke jikin kowace kafireta ƙirar Amal har ka ji danshin mai a yatsanka, sannan ka matse kuloci ka buga kik a banza sau biyu don farantansa su saki juna. Bayan haka sai ka saki kulocin, ka taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ka kunna makulli, ka ɗan murɗa totur kaɗan, ka sauke nauyin jikinka gaba ɗaya a kan kik ɗin har ƙasa. Nauyin jiki ne ke yin aikin, ba ƙarfin cinya ba, kuma kada ka miƙe gwiwa ta sandare a ƙarshen bugun. Bugun mai jin tsoro, wanda ke tsayawa a rabin hanya, shi ne ya fi jawo mayar da ƙafa.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, iyalinka suna da tasu gaskiyar, sai dai ba a inda suke hange take ba. Babur yana tafiya ba shi da nauyi. Nauyinsa yana bayyana ne a tsaye. Bonneville ya haura kilo 160 tun ba a zuba masa mai ba, saboda haka ka koma wurin mai shi ka yi gwaji uku: ka tura shi baya a ɗan gangare, ka ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya kai kaɗai, ka kuma zauna ka ga ko tafin ƙafafunka biyu suna taka ƙasa sosai. Idan ɗayan ukun ya gagare ka yau, to ka tuna cewa bayan shekara biyar ba sauƙi zai ƙara ba.

Abin da ya fi kik haɗari shi ne ƙafafun sarrafawa. Baburan Ingila na wancan zamani giyarsu a ƙafar dama take, birkin baya kuma a hagu, wato akasin na yau, kuma sai wajen 1975 dokar Amurka, wadda ita ce babbar kasuwarsu, ta tilasta musu sauyawa. Idan ƙafarka ta saba da babur na Japan, a lokacin firgita za ta taka giya tana zaton birki ne. Birkin gaban ma na ganga ne, ba faifai ba, don haka tazarar da kake bari tsakaninka da motar gaba sai ta ninka. Ka ba kanka makonni a ƙananan hanyoyi marasa cunkoso kafin ka shiga gari.

Idan gwiwar ta ƙi, kada ka ɗauka ƙofa ta rufe. Norton Commando 850 na 1975 ya zo da sitata, haka ma Triumph ya sa wa Bonneville mai 750cc sitata daga 1980, kuma giyar duka biyun a hagu take, sai dai sun fi wanda ka gani nauyi. Ni kuwa da za ka bi ta tawa, ƙasa za ka sauka maimakon sama: Triumph mai 500cc yana da kama da sautin babban wansa, ya kuma fi shi sauƙin bugu da turawa. BSA C15 mai 250cc ya fi wannan ma sauƙi, balle BSA Bantam da aka ƙera daga 1948 zuwa 1971, wanda ma'aikatan gidan waya na Birtaniya suka daɗe suna kai telegiram a kansa.

Game da gyara, za ka haɗu da masu cewa duk wanda ya sauya ko noti ɗaya ya ɓata asalin babur. Ka saurare su da ladabi, sannan ka cire kwantak ka sa wutar lantarki ta zamani, wadda ba a ganinta daga waje kuma ba ta gocewa, muddin batir yana da caji sosai. Ka sayi sifanu na awon Whitworth, wato tsohon awon noti na Ingila, domin na milimita cinye kawunan noti za su yi, kuma da yake a ƙarshen shekarun 1960 ne kamfanonin suka fara komawa awon inci irin na Amurka, babur na 1969 yakan haɗa na Whitworth da na Amurka a jiki ɗaya. Ka lura cewa wayar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da jikin babur ɗin, ba mai alamar ɗebewa ba. Fetur ɗin E10, wato mai haɗe da sinadarin ethanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ya zama gama-gari a Birtaniya tun Satumban 2021 yana cin tsofaffin tiyo da robobi, yana kuma jan danshi cikin tanki, don haka ka riƙa shan E5, wanda sinadarin da ke cikinsa bai wuce kashi 5 ba.

Ta fuskar doka, abin hawan da ya haura shekara 40 ba tare da an yi masa babban sauyi ba an ɗauke masa gwajin MOT, wato binciken lafiyar abin hawa na shekara-shekara, ana kuma iya yi masa rajistar kayan tarihi a daina biyan harajin hanya, amma inshora tana nan, haka ma alhakin lafiyarsa yana wuyanka. Lasisinka zai buƙaci sabuntawa da zarar ka cika 70, daga nan kuma duk shekara uku, kuma dole idonka ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Ka nemi reshen ƙungiyar Vintage Motor Cycle Club mafi kusa da kai, wadda aka kafa a 1946. Za ka tarar yawancin mambobinta sa'o'inka ne ko ma yayyenka, kuma ɗayansu zai iya raka ka duba babur ɗin kafin ka biya.

Tambaya: Mahaifina yana da Norton Commando da yake ajiyewa duk lokacin hunturu. Da ya tayar da shi bana sai hayaƙi ya turnuƙe gareji, tankin baƙin mai kuma ya zama kusan wayam. Injin ya mutu ke nan? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalin Baba, da wuya a ce injin ya mutu. Baƙin man waɗannan babura a tanki na daban yake zama, kuma idan aka daɗe ba a tayar ba sai ya riƙa tsiyaya ta cikin famfo yana taruwa a gindin injin, halin da Norton ya yi suna a kansa. Kuskuren da ake yi shi ne a ga tanki ya yi ƙasa a ƙara mai, sai injin ya tashi ya dawo da wanda ya taru, tankin ya yi ambaliya. Kafin tayarwar farko, ya kwance notin ƙasan injin, ya tare man a mazubi mai tsabta, ya mayar da shi tanki, sannan bayan injin ya tashi ya buɗe murfin ya tabbatar yana ganin mai yana dawowa. Idan hayaƙin bai ɗauke ba bayan tafiyar mil kaɗan, a nan ne za a duba zobban fistin.