Amsa ga mai tambaya kan asmar yaro da ke tashi da damina

Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce asmar tasa ta fi tashi da damina kuma cikin dare, alhali babu ƙurar hunturu, kina tambaya ko sanyi ne. Sanyi na taɓawa kam, amma ki fara ɗaga katifar da yake kwana a kai ki duba ƙarƙashinta, ki yaye ledar ɗakin ma.

Ɗiyata ma haka ta sha fama, mu nan wajen Ringim ginin ƙasa ne, in ruwan Agusta ya zauna sai bango ya jiƙo daga tushe, ranar da na yaye leda wallahi fumfuna ce baƙa ƙirin ga warin danshi, kuma daidai nan take sa kanta kullum. Ita fumfuna garinta ke tashi a iska yaro ya shaƙa, hanyar numfashi ta kumbura ta tsuke, sai tari da kukan ƙirjin nan. Likita kuma ya ce min akwai wasu ƙwari da ido baya gani, ba kuɗin cizo ba, su basa cizo, cikin katifa da filo da bargo suke zama suna cin ɓurɓushin fatar jikinmu, kashinsu ne ke tayar da ciwon, kuma danshi suke so shi ya sa damina ta fi muni.

Na ɗauke katifar daga ƙasa na janye ta daga jikin bango, duk ranar da rana ta fito sai a shanya, zanin gado da rigar filo da ruwa mai zafi sosai nake wankewa duk sati. Buhunan gero da gyaɗa suka bar ɗakin, maigida ya toshe yoyo, taga a buɗe da rana. In za ki yi shara ki fitar da yaron waje tukuna ki yayyafa ruwa kaɗan. Turaren wuta na san da wuya mu mata mu bari, amma dan Allah banda ɗakin da yake kwana, haka maganin sauro mai hayaƙi, ki sa gidan sauro.

Inhelar da aka ba shi a asibiti, wato maganin nan da ake shaƙa, kar ki ajiye don ance in ya saba ba ya bari, ba gaskiya ba ne. In kin ga haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi, ko ya kasa magana, kar ki jira gari ya waye, ku tafi asibiti a daren.