Idan agon ba ya haɗuwa da komai, me ya hau lamba 80?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina auna sinadarin silinyam a samfurin gero da na'urar ICP-MS, wadda ke amfani da iskar agon tana tantance sinadarai ta nauyinsu. Ko tsabtataccen ruwa na saka, sai lamba 80, inda nake karanta silinyam, ta tashi sama. Mai kula da ɗakin gwaji ya ce agon ba ya haɗuwa da komai, don haka ruwana ne ya gurɓace. Na canza ruwa har na gaji. Aikina ya lalace ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ruwanki lafiyarsa ƙalau. Ar₂⁺ kike gani: agon biyu masu nauyin 40 sun manne bayan ilektiron ɗaya ya fita, nauyinsu ya zama 80, daidai da nau'in silinyam da ya fi yawa. Na'urar nauyi take gani, ba suna ba.

Wannan magana ta "agon ba ya haɗuwa" ta ishe ni. An haddace ta a sakandare, an shigo da ita ɗakin gwaji kamar aya. Tun 1962 Neil Bartlett ya haɗa zinon, iskar da ke rukuni ɗaya da agon, da wani sinadari, amma har yau ana maimaita ta. Gaskiya ne Ar₂ da ba shi da caji ɗaurinsa sako-sako ne, kusan 0.012 eV (eV ma'aunin makamashi ne), ko zafin ɗaki ya fi ƙarfinsa. Amma da zarar ilektiron ya fita, ɗaurin ya koma kusan 1.3 eV, ninki ɗari ke nan. A filazmar na'urar, wato iskar agon mai tsananin zafi, da ta kai digiri 7,000 na Kelbin, makamashin zafi (kT) kusan 0.6 eV ne kawai, bai kai ƙarfin ɗaurin ba. To ta yaya za a ce babu Ar₂⁺, balle a gefen filazmar da wurin da iskar ke hucewa kafin ta shiga ma'auni?

 

Haɗarin kuwa ba na wasa ba ne. Wani zai rubuta cewa hatsi ko rijiya na ɗauke da silinyam mai yawa, a buga hatimi, alhali agon na silindar na'urar ya auna.

Ki bar 80 sai idan na'urarku tana da akwatin karo da ake zuba haidirojin ko hiliyam. In babu, ki koma 78 ko 82, ki kula da iskar kiriptan da ke biyo agon, don shi ma yana da nau'i mai nauyin 82.