Taransifoma mai 100 kVA da caja shida: sai an sayi babba?

Malam, kana tambaya ko taransifomarka mai 100 kVA za ta ɗauki cajojin motocin lantarki guda shida masu kilowat 22 kowacce. Za ta ɗauka, matuƙar cajojin suna raba wutar a tsakaninsu ta hanyar manhajar rabon wuta. Kowace caja tana iya jan amfiya 32 a kowane layi cikin layuka ukun da wuta ke fitowa ta cikinsu daga taransifoma, shida kenan 192, alhali ƙarfin taransifomar bai wuce amfiya 144 ba a bolt 400. Ka ƙayyade jimillar a amfiya 115, wato kashi 80 cikin 100, sannan ka ɗaura na'urar CT, wato mai auna amfiyar da ke bi ta waya, a babban layin shigowa don ta riƙa auna abin da ginin da ke kan taransifomar ke ci, ragowar a raba wa motoci. Idan ginin ba ya jan komai, motoci shida za su sami amfiya 19 kowacce, kimanin kilowat 13. Da yawansu ma ba sa karɓar fiye da kilowat 7 ko 11.

Inda ake yawan shan wahala shi ne haɗin layuka. Motar da ke caji da layi ɗaya tana jan wuta ne ta layin farko na cajar, don haka idan mai haɗa wuta ya jera duk cajojin iri ɗaya, layi guda zai yi zafi ya riƙa tsinke wutar, sauran biyun kuma ba sa aikin komai. A juya tsarin layukan daga caja zuwa caja, a shigar da shi cikin manhajar rabon. Kuma kada rabon mota ya gaza amfiya 6, domin ƙasa da haka caji tsayawa yake yi.