Kun Tambaya, Mun Amsa: Ziyarar Andalus da Fotugal Tare da Ɗan Jagora

Tambaya daga wani malami a Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne da na ajiye aiki, kuma 'ya'yana sun haɗa kuɗi suna so su tura ni da mahaifiyarsu yawon buɗe ido zuwa Sifaniya da Fotugal. Wani kamfanin tafiye-tafiye a Accra ya ba mu takardar tsarinsa: kwana goma, birane tara, da ɗan jagora da mota da masauki. Ɗana da ke zaune a Turai ya ce asarar kuɗi ce, mu sayi tikitin jirgi kawai mu zaga da kanmu. Ni dai tun ina almajiri nake jin sunan Andalus a bakin malamanmu, kuma ita ce nake burin gani. Wace shawara za ku ba mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Shawararmu ita ce ku bi ɗan jagora, amma kada ku amince da wannan takarda yadda take. Ɗanku ya faɗi gaskiya a kan kansa, domin matashin da ya saba da jiragen ƙasan Turai zai iya zagawa da waya a hannu, amma dattawa biyu da ba su jin Sifaniyanci ko harshen Fotugal za su ɓata rabin kwanakinsu wajen neman hanya da tikiti, alhali wasu wuraren ba a shigarsu sai an tanadi izini tun makonni kafin ranar. Inda takardar ta gaza shi ne yawan biranen. Birane tara a kwana goma na nufin kullum da asuba kuna ɗaure kaya, da rana kuna cikin mota, sai la'asar a sauke ku a ɗauki hoto a ce a koma. Tsakanin Seville da Lisbon kaɗai kusan ninki biyu ne na nisan Kumasi da Accra. Saboda haka idan kun karɓi takardar kamfani, ku daina ƙirga biranen da aka jera, ku duba inda za a kwana da yawan dararen da aka ba kowane wuri.

Tunda Andalus ce burinku, birnin da ya fi cancantar lokacinku shi ne Ƙurɗuba, wadda za ku ga an rubuta Cordoba a takardar. Musulmi sun ƙetara zuwa wannan ƙasa a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, a shekarar 756 kuma Abdurrahman na Farko, wanda ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa Banu Umayya, ya kafa daularsa a Ƙurɗuba, ya kuma aza harsashin babban masallacinta wajen shekarar 785. Sarakunan da suka biyo bayansa suka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara ɗari biyu. Ana shiga ne ta farfajiyar itatuwan lemo, inda a da ake alwala, daga nan sai mutum ya faɗa cikin duhu mai sanyi, ya ga ɗaruruwan ginshiƙai a jere, kowane biyu an haɗa su da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, masu ratsin ja da fari, har iyakar ganinsa. Mihrabin da Halifa Alhakam na Biyu ya gina a ƙarni na goma yana nan da ayoyinsa cikin ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya. Sai dai ku shirya zuciyarku, domin tun shekarar 1236, da sarkin Kirista Fernando na Uku ya ci birnin, ginin ya zama coci, a ƙarni na sha shida kuma aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa. Hukumomin coci ne ke kula da shi, ba a yarda a yi salla a ciki ba, kuma masu gadi suna tsayar da duk wanda ya gwada. Ku yi sallarku a masauki ko a ɗaya daga cikin ƙananan masallatan garin kafin ku shiga.

Akwai abin da da wuya ɗan jagora ya faɗa muku, ba don ɓoyewa ba, sai don bai san da wa yake magana ba. Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukan Zango ta iso mana ne ta riwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi, malamin Ƙurɗuba. Alƙurɗubi mai tafsiri daga sunan garin aka yi masa laƙabi. Ibn Rushd, wanda aka haifa a nan a shekarar 1126, mutum-mutuminsa yana kusa da ganuwar gari, mutanen can sun san shi da falsafa, mu kuma mun san shi da fiƙihu. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a Mauludi daga Kano har Kumasi, shi ma haifaffen wannan birni ne. Wanda ya ɗauki waɗannan sunaye a kansa ya tafi, awa biyun da kamfanoni ke bayarwa ba za su ishe shi ba. Ku nemi dare biyu, domin ku samu zuwa kufan Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Abdurrahman na Uku ya gina bayan ya ɗauki sunan halifa a shekarar 929, wanda ke 'yan kilomitoci daga gari kuma yawancin masu gaggawa ke tsallake shi.

Na biyu shi ne Garnaɗa, wato Granada, daular Musulmi ta ƙarshe, wadda Sarki Abu Abdullahi ya miƙa wa sarakunan Kirista na lokacin, wani Fernando dabam da matarsa Isabel, ranar 2 ga Janairun 1492. Fadar Alhamra tana bisa tudu, kuma abin da ake zuwa gani a cikinta shi ne ɗakunan sarakunan Banu Nasar, inda aka sassaƙa taken gidansu, wato babu mai rinjaye sai Allah, a bango bayan bango cikin rubutun da duk wanda ya yi karatun allo zai iya karantawa ba tare da tafinta ba. A nan ne za ku gane amfanin kamfani nagari da kuma illar maras kyau. Ana ƙayyade yawan masu shiga waɗannan ɗakuna, kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi da sa'ar da zai shiga, ana duba fasfo a ƙofa, kuma wanda ya makara ya rasa. Wasu kamfanoni kan rubuta Alhamra a takarda alhali tikitin lambuna da ganuwa kaɗai suka saya, saboda haka ku sa a rubuta muku a fili cewa fadojin Banu Nasar suna ciki. Da yamma ku hau unguwar Albaicin da ke fuskantar fadar, inda aka buɗe sabon masallaci a shekarar 2003, ku yi magariba a can. Daga wannan gari ne Abu Ishaƙ Assahili ya fito, mawaƙin da ya haɗu da Mansa Musa a hajjin shekarar 1324 ya biyo shi zuwa Mali, wanda ake danganta masa ginin masallacin Jingarebar na Tambutu.

Seville, wadda malamanmu ke kira Ishbiliya, dare ɗaya ko biyu ya isa. Hasumiyar Giralda, da Muwahhidawa, daular Musulmi daga Maroko, suka kammala a shekarar 1198 a matsayin hasumiyar kiran salla, yanzu ƙararrawar coci ce a kanta, kuma yawancin hawanta gangara ce ba matakala ba, abin da zai sauƙaƙa wa Hajiya. Toledo kuwa yini guda ne daga Madrid, tafiyar kusan rabin awa a jirgin ƙasa.

Kada ku tafi da zaton za ku tarar da ƙasar Musulmi. An kori ragowar zuriyarsu tun daga shekarar 1609, kuma ɗan jagoran zai ba da labarin ne ta fuskar mutanensa, wani wurin da ku za ku kira asara shi zai kira shi ƙwato ƙasa. Ku saurara, ku yi tambaya cikin ladabi, ku kuma ba al'adun mutanen yau hakkinsu, da kasuwanninsu da kiɗan filamenko da yadda iyali ke fitowa dandali da dare har da jarirai, domin ba kufai kaɗai aka biya kuɗin gani ba.

Fotugal kuma wani labari ne, wanda ya shafi ɗan Ghana ta wata ƙofa dabam. Daga Lisbon ne aka loda duwatsu da katako a jiragen ruwa, Diogo de Azambuja ya kawo su ya gina gidan Elmina a shekarar 1482, ya zauna a hannun Fotugal har mutanen Holan suka ƙwace shi a shekarar 1637. Idan aka kai ku unguwar Belem, aka nuna muku hasumiyar bakin kogi da gidan ibadar Jeronimos da gunkin tunawa da masu binciken teku, za a yi ta maganar Vasco da Gama da hanyar Indiya ta shekarar 1498, amma wanda ya taɓa shiga kurkukun bayi na Elmina ya san ɗaya ɓangaren wannan arziki. A garin Lagos na kudancin Fotugal, inda aka raba bayin Afirka aka sayar a shekarar 1444, akwai ƙaramin gidan tarihi a kan wannan batu. Shi birnin Lisbon girgizar ƙasa ta rushe tsakiyarsa a shekarar 1755, don haka tsohon gari na gaske sai a lungunan Alfama, ƙarƙashin ganuwar da aka ƙwace daga Musulmi a shekarar 1147. Gari ne mai tuddai, kuma ƙananan duwatsun da aka shimfiɗa a tituna suna da santsi, don haka Hajiya ta ajiye takalmin biki a gida. Garin Sintra da ke kusa da Lisbon ya cancanci yini guda. Porto kyakkyawan birni ne, amma tana can arewa, kuma abin da kamfanoni suka fi kai mutane shi ne rumbunan giya, saboda haka ita ce ta farko da za mu ce a cire. Idan da hali a musanya ta da Mertola, ƙaramin gari kusa da iyakar Sifaniya, inda cocin garin tsohon masallaci ne kuma mihrabinsa yana nan bayan bagade.

Game da lokaci, ku guji Yuli da Agusta, domin zafin Ƙurɗuba da Seville kan wuce digiri 40, kuma yawon duk a ƙafa ne. Afrilu da Mayu ko Oktoba sun fi, sai dai makon Ista otal yana tsada kuma ana rufe tituna saboda jerin gwanon coci.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Nima, Accra: Na ji an ce naman alade ne abincinsu. Yaya Musulma za ta yi da ci da salla da sutura?

Amsa: Hajiya, abin da kika ji yana da tushe, domin za ki ga cinyoyin alade busassu a rataye a shaguna da gidajen abinci. Wanda ake gani ba shi ne matsala ba, ɓoyayyen ne: ana barbaɗa shi a kan miyar tumatir mai sanyi ta Ƙurɗuba, ana jefa yankan tsiransa cikin miyar ganye ta Fotugal, ana kwaɓa wasu kayan zaƙi da kitsensa, ana kuma dafa nama da giya. Ki sanar da kamfani a rubuce tun kafin ki biya, ki kuma roƙi ɗan jagora ya rubuta miki a 'yar takarda cikin harsunan biyu cewa ba kya cin alade da kitsensa da giya. Kifi shi ne mafita, musamman a Fotugal inda gasasshen sadin da busasshen kifin kod suke ko'ina, ga kuma wainar ƙwai da dankali a Sifaniya, da gidajen abincin 'yan Maroko a Garnaɗa. Ki sani mutanen Sifaniya sai wajen ƙarfe biyu suke cin abincin rana, na dare kuma bayan ƙarfe tara, don haka ki riƙe dabino ko gyaɗa a jaka. Akwai manyan masallatai a Madrid da Lisbon, matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Seville sai bayan tara da rabi na dare, ki duba jadawalin garin da kike. Mayafi da doguwar riga ba sa hana ki shiga ko'ina, amma ki rataya jakarki ta gaba a taragon Lisbon da wuraren cunkoso, saboda 'yan sane.

Tambaya daga wani matashi a Asawase, Kumasi: Biza biyu ake nema, kuma shin kamfani zai iya ba da tabbacin samunta?

Amsa: Biza ɗaya ce, ta Shengen, domin ƙasashen biyu suna cikin wannan yarjejeniya, kuma ana nemanta ne daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yunin 2024, ba a mayarwa idan an hana. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfon da zai rage masa aƙalla wata uku bayan ranar fitowa daga ƙasashen Shengen, da shaidar masauki da kuɗin banki da abin da zai dawo da kai gida, kamar aiki ko kasuwanci ko iyali. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Ofishin jakadanci ne kaɗai ke yanke hukunci, don haka duk kamfanin da ya yi maka alkawarin biza ka yi hattara da shi, ka kuma sa a rubuta a yarjejeniya nawa za a mayar maka daga kuɗin tafiyar idan ba ta fito ba.