Kafin ka sayi wani akwatin, duba giɓin dogonka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Marwa. Na karanta tambayarka. Ka ce ka shimfiɗa ƙaramin jirgin ƙasa na wasa mai girman da ake kira HO a ɗakinka, da DCC kake tafiyar da shi (tsarin da ke aika wa jirgi wuta da umarni ta cikin dogo), ka yi zagayen da jirgi ke shiga ya juyo ya dawo ta layin da ya bi, ka kuma sa akwatin da ke juya wuta da kansa. Amma da jirgi ya zo fita daga zagayen sai wuta ta ɗauke, wani lokaci ya wuce lafiya, wani lokaci ya tsaya cak, har kana shirin aika kuɗi Duwala a sayo maka sabon akwati. Don Allah riƙe kuɗinka tukuna. Ni aikin wayarin nake yi a nan Garwa, na daɗe da wannan sha'awa tun ina yaro ina zuwa kallon jirgi a tashar Ngaundere, kuma irin wannan matsala ta taɓa hana ni barci. Da wuya laifin ya zama na akwatin.

Abin da ke faruwa shi ne, dogo biyu su ne wayoyinka biyu. Ka ɗora yatsa a dogon dama ka bi shi cikin zagayen, za ka ga ya dawo ya haɗu da dogon hagu. Ka ga kenan wuta ta haɗe da kanta. Shi ya sa masu jirgin kamfanin Märklin mai ƙusoshin wuta a tsakiyar layi ba su san wannan ciwon kai ba, mu masu dogo biyu ne ke fama. Maganinsa a yanke dogon duka biyu a mashiga, a yanke duka biyu a mafita, giɓi huɗu cif, tsakiyar ta zama tsibiri wanda ba ya samun wuta daga ko'ina sai daga akwatin. Idan taya ta taka giɓi ta tarar wutar ɓangarorin ta saɓa, akwatin zai juya ta tsibirin cikin ƙiftawar ido, kafin babbar na'urar da ke ba layi wuta ta farga ta yanke.

To, gwajin farko. Kashe wuta, sauke duk jiragen daga kan layi, cire wayoyi biyun da suka fito daga akwatin zuwa tsibirin, sannan ka kunna. Ɗauko mitarka ta auna wuta ka auna tsakanin kowane dogon tsibirin da kowane dogon babban layi. Dole ka ga sifili. In ka ga wuta, akwai ɓarauniyar hanya. Ko dai wata waya da ka jawo daga babban layi ka manta ta faɗa cikin tsibirin, ko ɗaya daga giɓin ya rufe. Kashe wutar kuma, mai da mita wajen da take ƙara, ka taɓa gefe da gefen kowane giɓi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara shi ne ɓarawon.

Da ka ce wani lokaci yana yi wani lokaci ba ya yi, nan hankalina ya fi tsayawa, domin haka nawa ya yi mini a wani watan Afrilu. Da safe jirgi zai yi ta zagayawa lami lafiya, bayan azahar sai ya ƙi. Na canza wayoyi, na sake like da dalma, har na fara zargin wutar gari. Ɗakin rufin kwano ne, ka san zafin Garwa a lokacin, ya haura digiri 40. Ranar da na durƙusa da tocila na kafa ido, sai na ga giɓin da na yanke da hannuna lokacin sanyi ya ɓace, bakin ƙarfe biyu sun manne har takarda ba ta shiga. Ƙarfen dogo yana miƙewa da zafi. Dogo mai tsawon mita 4 da ka like a jere, in zafi ya ƙaru da digiri 15, zai ƙara kusan milimita 1, kuma giɓin namu bai fi haka ba. Ga katakon da ke ƙasa yana tsukewa saboda bushewar iska tun daga hunturu. Na sake yankewa da siririn zarto, na yanko ɗan guntun roba daga tsohon katin waya, na cusa, na ɗiga gam, da ya bushe na goge shi daidai da saman dogo. Tun daga ranar ban sake ganin matsalar ba. Giɓin da ba a cike da roba ba, a yankinmu, jiran bazara kawai yake yi.

In mita ta nuna tsibirin tsaf yake, sai ka auna tsawonsa da jirginka mafi tsawo. Wajibi ne jirgin ya shige ciki gaba ɗaya. In kan jirgin yana taka giɓin fita alhali taragon baya mai tayoyin ƙarfe ko mai fitila yana kan giɓin shiga, an ba akwatin umarni biyu masu karo da juna, babu yadda zai yi. Gwada kan jirgin shi kaɗai sau goma. In ya wuce lafiya, sai da taragai yake tsayawa, ka matsar da giɓin ko ka rage taragai.

Sai nan ne za ka taɓa akwatin. Wasunsu, irin AR1 na kamfanin Digitrax, suna da ɗan abin murɗawa na saita ƙarfin wutar da zai sa su juya. In an saita shi sama da inda babbar na'urarka ke yankewa, ita za ta riga shi. Sauke shi kaɗan kaɗan, amma kada ya yi ƙasa har ya riƙa ƙas-ƙas don nauyin jirgi kawai. Sannan ɗauko dala ashirin ta ƙarfe (kwandalar sefa ɗari) ka ɗora a kan dogayen biyu, a wurin da ya fi nisa cikin zagayen. Dole wuta ta yanke nan take. In ta yi jinkiri, wayarka ta yi siriri ko mahaɗan dogo sun saki, kuma akwatin ba zai ji haɗewar wuta da sauri ba. Ƙara waya mai kauri, ka goge ƙurar da ke saman dogo da tayoyi.

Duk wannan na DCC ne. Mai tsohon tsarin DC, wanda juya wuta ke juya akalar jirgi, ba wannan akwatin yake bukata ba, makunni mai ƙafa shida zai sa, ya juya wutar babban layi yayin da jirgi ke cikin zagaye.

Ka yi gwajin giɓin da misalin ƙarfe biyu na rana, ba da asuba ba, ka faɗa mini wanne ne ya yi ƙara.