Amsa kan na'urar da wai ke sa mota ta sha ruwa

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ce wani a nan Jidda ya tallata maka kwalbar da ake ɗaura wa mota, ta raba ruwa ta fitar da iskar haidirojin, wai shan mai zai ragu da rabi, kana tambaya ko ka saya. Riƙe riyalinka tukuna.

Wayarin mota nake yi, kuma na taɓa haɗa irinta da hannuna: farantan ƙarfe mara tsatsa, ruwa, batir. Ranar farko gishiri na zuba don wuta ta ratsa. Kumfa kam ta tashi, sai warin bilic ya turnuƙe garejin har idona na hawaye, ashe iskar kulorin mai guba nake dafawa. Na koma kostik, wato sodar da ake yin sabulu da ita. Ruwan ya rine kamar shayi, waya ta ɗau zafi, fis ya ƙone. Mako biyu ina awon mai, ko lita ɗaya ban ga ta ragu ba.

Kafin ka samu kilo 1 na haidirojin sai ka raba ruwa lita 9, ka kashe wuta yunit 50 zuwa 55. In ka ƙona kilon, ƙarfin yunit 33 zai dawo maka. To wutar daga ina? Daga dinamo. Dinamo inji ke juya shi, inji kuwa fetur yake sha. Bashi ka ci ka biya bashi.

Dillalin zai ce sirrin na cikin "katalis". Katalis, wato sinadarin da ke sauƙaƙa raba ruwan, gaskiya ne, manyan masana'antu na sa nikel, wasu filatinam da iridiyam masu ɗan karen tsada. Amma asarar wuta yake ragewa, ba ya ƙago ƙarfi.

Dubi aikin masana'antar haidirojin ta NEOM a Oxagon, nan Saudiyya, na dala biliyan 8.4, da aka tsara ya riƙa fitar da tan 600 na haidirojin kullum. Sai da suka tanadi gigawat 4 na wutar hasken rana da iska, za su tace ruwan Bahar Maliya, sannan su mayar da haidirojin ɗin amoniya don jirgin ruwa ya iya ɗauka. Da a ce batirin mota zai iya, wa zai sha wannan wahala?

Ga kuma haɗari: kwalbar na tara haidirojin da oksijin wuri guda. Tawa tartsatsi kaɗan ta samu, murfin ya yi sama ya fasa min fitilar gareji.