Filin Tambaya da Amsa: Shin Chukwueze yau fari ne gobe tsumma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da gidan kallon ƙwallo, kuma akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin masu zuwa wurina, a kan Samuel Chukwueze. Wasu na cewa a duk 'yan wasan gefen Najeriya babu mai ƙafarsa, koci-koci ne suke zaluntarsa. Wasu kuma na cewa yaudara ce kawai, ya yi wasa ɗaya mai kyau ya ɓace wata biyu. Ranar nan saura kaɗan a ba hammata iska, sai da na kashe janareto. Don Allah ka raba mana gardama. Daga mai gidan kallo, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba da kasuwa, ya kuma kare maka bencina. Sai dai kada ka sa ran zan ba wani ɓangare gaskiya ɗungurungum, domin kowanne ya riƙe wani abu na gaske, sai ya rufe ido ga na ɗan'uwansa.

Masu ƙaunarsa na san abin da ke cikin kansu. Ranar 12 ga Afrilun 2022 ce, a gidan Bayern Munich. Lewandowski ya riga ya farke ƙwallon da Villarreal ta ci a wasan farko, Jamusawa sun tare a gidan baƙi, kowa na jiran ta biyu. Kocin Villarreal Unai Emery ya sako Chukwueze ana saura 'yan mintuna. A minti na 88 Gerard Moreno ya gangaro masa da ita, ya ɗaga ta da ƙafar hagu ta wuce Neuer, shi ke nan Bayern ta yi waje daga Gasar Zakarun Turai. Bayan shekara guda, 8 ga Afrilun 2023, ya je Bernabeu ya ci Real Madrid biyu, Villarreal ta yi nasara 3-2. Ƙwallon farko ita ce wadda har yau ake turawa a waya: ya tsaya gaban Nacho, mai tsaron bayan Madrid, ya yi kamar zai bi dama, ya janye ta hagu, Nacho ya tafi inda ƙwallo ba ta, shi kuma ya zura. Ta biyu daga wajen da'ira ya lanƙwasa ta can saman kusurwa, Courtois da duk tsawonsa bai taɓa ta ba. Wanda ya kalli wannan daren ba za ka iya gaya masa yaron nan bai iya ba.

To amma masu suka su ma ba da ka suke magana ba. Tun da ya fara buga wa babbar ƙungiyar Villarreal a 2018 har ya bar Italiya, bai taɓa cin ƙwallo goma a gasar lig cikin kaka ɗaya ba. Kakar da ya fi tashe, wato 2022/23 ɗin nan da ya wulaƙanta Madrid, shida ya ci a Laliga, biyu daga ciki a dare ɗaya. AC Milan ta saye shi a Yulin 2023 a kan kusan Yuro miliyan 20 ban da ƙarin da aka yi alkawari, ya ƙare kakar farko da ƙwallo ɗaya tak a Serie A, wadda ya ci Verona a watan Maris. A daidai wannan kakar Christian Pulisic, da Milan ta saya daga Chelsea a lokaci guda da shi, ya ci 12 a lig. Idan kai ne Stefano Pioli, kocin Milan a lokacin, wa za ka saka?

Ra'ayina ga shi. Chukwueze na cikin 'yan wasan da sai an bar su suna bugawa mako bayan mako kafin ƙafarsu ta saki. Wasansa gaba ɗaya ya dogara ne a kan yanka, shi kuwa yanka abu ne na ƙarfin zuciya. Ɗan wasan da ya san ko ya zubar da ƙwallo sau uku ba za a cire shi ba, zai sake tunkarar mai tsaron baya karo na huɗu, a nan ne ake samun irin ta Nacho. Wanda aka sako a minti na 75, ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi benci na mako uku, ɗayan biyu zai yi: ko dai ya riƙa mayar da ƙwallo baya don tsoro, ko ya ce sai ya yanke mutum uku lokaci guda don ya burge koci. Duka biyun mun gan su a Milan. Kakarsa mafi kyau a Sifaniya ta zo ne bayan Emery ya tafi Aston Villa a Oktoban 2022, Quique Setién ya karɓa ya ba shi gefen dama ya ce nasa ne. A Milan kuwa hagu na Rafael Leão ne, dama Pulisic ya riƙe, sannan cikin shekara biyu ya ga Pioli, ya ga Fonseca, ya ga Conceição, Allegri na zuwa aka tura shi aro Fulham a Satumban 2025. Kowane koci da irin abin da yake so ɗan gefe ya yi.

Akwai kuma rashin sa'a da lissafi ba ya nunawa. A Afrilun 2024 Milan ta yi 3-3 da Sassuolo, ya zura ƙwallo biyu a raga, na'ura ta soke duka saboda satar gida da ido ba ya iya gani. Kuma kada a manta shi ya ci Newcastle a minti na 84 a Disamban 2023, shigowarsa ke nan daga benci, ƙwallon da ta sa Milan ta samu gurbin Europa maimakon ta tashi a tutar babu.

Sai dai ba zan wanke shi tas ba. Laifin da ke wuyansa shi ne abin da yake yi bayan ya gama yankan. Ka zuba ido a wasa na gaba ka gani. Zai karɓi ƙwallo a bakin layi, ya wuce mutum ɗaya, maimakon ya ɗaga kai ya ga ɗan gaba ya riga ya ruga, sai ya sake taɓa ta sau ɗaya, sau biyu. Kafin ya yanke shawara masu tsaron baya sun dawo sun cike da'ira, ɗan gaba kuma ya tsaya yana ɗaga hannu. Sannan kowa a Turai ya san ƙafar hagu zai koma. Za ka ce ai Robben ma kowa ya san hagu zai koma. Haka ne, amma Robben idan ya koma hagun ƙwallo na shiga raga, shekara da shekaru. Ƙafar dama ta Chukwueze ba ta tsorata kowa, don haka mai tsaron baya mai wayo sai ya toshe masa ciki ya bar masa layi, ya ce bismillah.

Saboda haka ka gaya wa mutanenka: masu cewa babu kamarsa su kawo kakar da ya ɗauki ƙungiya a kafaɗa daga Agusta zuwa Mayu, babu ita. Masu cewa yaudara ce su kawo wani ɗan Najeriya da ya ci Madrid biyu a gidanta. Ni a wurina gwani ne wanda har yanzu bai biya bashin baiwarsa ba, kuma an haife shi a 1999, lokacin da ake cewa yaro ne ya wuce.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ban yarda da wannan uzurin na benci ba. Ga Ahmed Musa nan, a zamaninsa duk lokacin da Najeriya ta neme shi yana amsawa. Me ya sa na yanzu ba su da wannan ɗorewar? Ko kuɗi ne ya yi musu yawa? Daga ɗan Pillars na gani-kashe-ni, Fagge, Kano.

AMSA: Ƙanina, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don ni ma ba na son a taɓa Ahmed Musa. Amma tunda kai ka kawo shi, bari mu bi tarihinsa a hankali.

Abin da kake tunawa gaskiya ne. Ya ci Ajantina biyu a Brazil a 2014, Messi na ci yana ramawa, aka tashi 3-2. Ya ci Iceland biyu a Volgograd a 2018, ta farkon nan da ya tare ƙwallon Victor Moses da ƙafa ɗaya ya ɗirka ta kafin ta zauna. Babu ɗan Najeriya da ya kai shi yawan ƙwallaye a Gasar Kofin Duniya. A CSKA Moscow ya ɗauki kofin lig na Rasha sau uku. To, ka tuna da Leicester? Sun saye shi a 2016, kuɗin da ba su taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba a lokacin. A wasan share fage ya ci Barcelona biyu, muka ce shi ke nan, Firimiya ta shiga uku. Aka fara kaka, ƙwallo biyu ya ci a lig, ɗaya a ragar Crystal Palace ɗaya a ragar Tottenham, duka a watan Oktoba. Vardy na gaba, Mahrez na dama, shi kuma yau a saka shi gobe a ajiye shi. An kori koci Ranieri a Fabrairun 2017, daga nan sai benci, har ya koma CSKA aro a Janairun 2018. Da ka tambayi mutumin Leicester a lokacin, abin da kake faɗa a kan Chukwueze shi zai faɗa maka a kan Musa, kalma da kalma. Komawarsa Mosko, inda aka san shi ake kuma saka shi kullum, ita ta dawo masa da ƙafa har ya je ya yi wa Iceland abin da ya yi.

Ademola Lookman ma haka. Everton, Leipzig, Fulham, Leicester, duk ya zaga ana cewa ba shi da tabbas. A Nuwamban 2020, yana Fulham, ya ɗauki fenareti a minti na ƙarshe da West Ham, ya ce zai ɗaga ta a hankali ta tsakiya, mai tsaron gida Fabianski ya tsaya ya cafke abarsa kamar an miƙa masa goro. Ingila gaba ɗaya ta yi masa dariya. Ya je Atalanta a 2022, koci Gasperini ya matso da shi kusa da raga ya daina barin sa a bakin layi, a Mayun 2024 ya ci Leverkusen uku rigis a wasan ƙarshe na Europa, a Disamba aka ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Batun kuɗi kuwa, ban ga alamarsa ba. Wanda kuɗi ya lalata gudu yake dainawa. Chukwueze na gudu, yana dawowa tsaron baya, wani lokacin har ya fi yadda nake so. Matsalarsa a shawarar ƙarshe take.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa Malam. Ni da maigidana kullum sai mun yi musu idan Super Eagles za ta buga. Shi Moses Simon yake so, ni Chukwueze. Wa ya kamata a fara da shi? Daga wata mai karatu, Garwa, Kamaru.

AMSA: Hajiya, ina gaishe ki, ina gaida maigida. Ke da kike Garwa ai a ƙofar gidanki aka yi abin. A Janairun 2022, lokacin Gasar Kofin Afirka, a filin garinku Moses Simon ya hana 'yan bayan Masar sakat, ya ci Sudan, kowa na cewa shi ne gwarzon zagayen rukuni. Da aka zo zagaye na biyu, Tunisiya ta sa mutum biyu a kansa, duk inda ya juya akwai na biyu yana jira. Ya ɓace ɓat, Msakni ya ci ɗaya, aka ba Iwobi jan kati, muka tattara muka dawo gida. Washegari waɗanda suka yi masa kirari su ne suka ce dama can ba ya ɗorewa. Alhali shi bai canza ba, abokan hamayya ne suka yi karatunsa, kocinmu Eguavoen kuma bai tanadi wata hanya ta biyu ba. Ɗan gefe kullum haka yake, a bakin layi yake zaune yana jiran a kawo masa, idan aka datse hanyar sai ya shafe rabin lokaci bai taɓa ƙwallo sau goma ba.

Amsar tambayarki: idan wasan da za a sha wuya ne, kamar da Maroko ko Senegal, ina tare da maigida. Simon ya fi riƙe matsayinsa, ya fi taimakon na bayansa, kuma yana bugawa da ƙafa biyu. Shi ya gangaro wa Lookman ƙwallon da aka fitar da Angola daga Gasar Kofin Afirka a Abijan a 2024. A wasan ƙarshe da Kwaddebuwa kuwa koci Peseiro ya ajiye shi ya fara da Chukwueze, kuma ta gefen Chukwueze ne Simon Adingra na Kwaddebuwa ya yini yana wahalar da Ola Aina, har ya ba da ƙwallaye biyun da Kessié da Haller suka ci mu. Ban ce laifin Chukwueze ne shi kaɗai ba, duk ƙungiyar ta koma baya a daren, amma ni da ban taɓa tsarin da ya kai mu can ba.

Idan kuwa ƙaramar ƙasa ce da za ta zo Uyo ta jera mutum goma a gaban raga, a nan ke ce da gaskiya, domin ana buƙatar wanda zai yanke mutum a wuri matsattse, kuma a wannan Chukwueze ya fi Simon. Ki gaya wa maigida an raba muku, amma tunda manyan wasanni sun fi tsada, kason nasa ya ɗan fi naki.